Ku Tambayi Mama: Yarinyar da ɗana ya kawo ba ta kwanta mini ba

Tambaya: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce, shekarata 56, ina cikin Zumuntar Mata tun ina amarya. Ɗana na fari yana aiki a Abuja. A Kirsimetin da ya wuce ya zo mini da yarinyar da yake so ya aura. Mama, ina ganinta gabana ya faɗi. Wando ne a jikinta, ƙarin gashi har gadon baya, farce zaƙo-zaƙo, kai ba ɗankwali. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta durƙusa ta gaishe ni, kuma kwana ukun da ta yi tana taya ni aiki. Amma ni na daɗe da sa ido a kan wata yarinya a majami'armu, 'yar kwaya ce, zani har ƙasa, ba ta fashin addu'ar asuba. Da na yi wa ɗana magana sai ya ce mini ai Allah zuciya yake dubawa. Ni kuma na ce masa labarin zuciya a tambayi fuska. Tun daga ranar ko waya muka yi, gaisuwa ce kawai. Yana jira in sa baki a kai gaisuwa gidan iyayenta, ni kuwa na yi shiru. Ina da laifi? (Wata uwa daga Saminaka)

Amsa: Ƙanwata, Ubangiji ya ba ki salama. Macen da ta rasa miji ta riƙe 'ya'ya ita kaɗai har suka zama mutane, ba wanda zai ce kada ta damu da wadda za ta shigo gidan ɗanta. Na karanta wasiƙarki sau uku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin da kika wuce da sauri: ta durƙusa ta gaishe ki, ta yi kwana uku tana taya ki aiki. A duk wasiƙar nan, wannan kaɗai ne kika faɗa mini game da halin yarinyar. Sauran kaya ne, wando da gashi da farce. Ita ma ta biyun, wadda ranki yake so, kayanta kika lissafa mini da wurin zamanta a majami'a.

Ayar da ɗanki ya jawo tana cikin 1 Sama'ila 16:7, kuma ina so ki buɗe surar ki karanta ta daga farko, domin mutane sukan tsinke ayar su bar labarin. Wanda ya yi kuskure a wurin ba yaro ba ne. Annabi Sama'ila ne, tsoho, wanda ya fara jin muryar Allah tun yana ƙaramin yaro a hannun Eli. Ya riga ya ƙona hannunsa sau ɗaya: shi ya zuba wa Saul mai, Saul ɗin da ya fi kowa a Isra'ila tsayi daga kafaɗa zuwa sama, wanda ya ƙare da yi wa Allah rashin biyayya. Sama'ila yana cikin baƙin cikin Saul aka aike shi Baitalami, gidan Yesse, ya zuba wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa mai ya zama sarki a madadin Saul. Yana ɗora ido a kan Eliyab, babban ɗa, sai ya ce a ransa lalle wannan ne. Nan Ubangiji ya tsayar da shi, ya ce kada ya dubi fuskarsa ko tsayinsa, gama mutum abin da ke waje yake gani, Ubangiji kuwa zuciya yake dubawa. 'Ya'ya bakwai suka wuce. Wanda ake nema ko gayyatarsa ba a yi ba, yana jeji da tumaki.

Ga abin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Da aka kawo Dawuda, aya ta 12 ta ce kyakkyawan saurayi ne, mai kyawun ido. Ashe kyau ba shi ne laifin Eliyab ba, kuma rashin ado ba shi ne shaidar tsarki ba. Halin Eliyab sai a sura ta 17 ya fito, a fagen yaƙi, ranar da Dawuda ya kawo wa yayyensa abinci. Eliyab ya hau shi da faɗa, ya ce masa ya san girmankansa da muguntar zuciyarsa. Mutumin da aka ƙi saboda abin da ke zuciyarsa, shi ne yake cewa ya san zuciyar wani. Duk lokacin da na ji kaina ina cewa na san irin su wance, sai in tuna da Eliyab.

Saboda haka ayar nan ba ta ɗanki ba ce, ba taki ba ce. Shi ma bai ga zuciyar yarinyar ba, so ne ya cika masa ido. Ke ma ba ki gani ba. Karin maganar da kika mayar masa gaskiya ce a inda take: in mutum yana murna ko baƙin ciki, fuskarsa za ta faɗa. Amma ko zai riƙe amana, ko zai jure talauci, ko zai yi jinyar mara lafiya wata shida ba tsaki, fuska ba ta da labarin wannan. Kakanninmu da suka yi waccan, su ne kuma suka ce sanin hali ya fi sanin kama.

To mu da ba mu ganin zuciya, me aka bar mana? Yesu ya ce a Matiyu 7 da 'ya'yansu za a gane su, kamar yadda ake gane itace. 'Ya'yan itace kuwa da lokacinsu. Mangwaron da ya yi fure da hunturu, sai bazara ta shiga za ki san ko mai zaƙi ne ko mai tsami. Kwana uku na Kirsimeti, gida cike da baƙi, kowa da sabon ɗinki, lokacin fure ne.

Kuma ki yi haƙuri in faɗa miki abin da mu matan Zumunta ba mu son ji. Zani har ƙasa ma siffa ce ta waje. Ankon Zumunta da nake ɗaurawa fiye da shekara arba'in, atamfa ce, a kasuwa ake sayenta. Mafi zafin maganganun Yesu a Matiyu 23 sun sauka ne a kan masu kayan addini, masu dogayen tuntayen riga, ya ce suna wanke bayan ƙwarya su bar cikinta da ƙazanta. Ko tawali'u ma ana iya sa shi kamar riga. Absalom ɗan Dawuda, wanda aka ce ba mai kyansa a duk Isra'ila, wanda gashin kansa in an aske a ƙarshen shekara yakan kai shekel 200, wato sama da kilo biyu, yakan yi sammako ya tsaya a ƙofar gari. Duk mai ƙara da ya zo zai rusuna masa, sai ya kama hannunsa ya sumbace shi. Mutane suka ce ga ɗan sarki mai sauƙin kai. Ashe gadon sarautar ubansa yake haƙo. Yahuza kuwa shekara uku yana cin abinci da almajirai, shi ne ma'ajinsu, shi ne ya yi maganar matalauta ranar da aka zuba wa Yesu turaren da ya kai dinari 300. A daren ƙarshe da Yesu ya ce ɗayansu zai bashe shi, ba wanda ya nuna Yahuza da yatsa. Kowa cewa ya yi, ko ni ne? Ban faɗi wannan don in ɓata 'yar kwayar ba, Allah ya sani. Tana iya zama zinariya. Ita ma dai ba ki san ta ba tukuna, ganinta kike yi ranar Lahadi.

Bari in ba ki nawa labarin, wanda har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. A 1979 aka yi aurena, lokacin na gama koyon aikin jinya. Mahaifin mijina ya yi fama da kuturta tun yana saurayi. A Babbar Ruga kusa da Katsina aka yi masa magani, ɗaya daga cikin wuraren jinyar kutare da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta riƙe tun shekarun 1930, kamar Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. A can ya koyi karatu, a can ya ji Bishara. Matasanmu da yawa ba su san cewa a irin waɗannan wurare, cikin mutanen da duniya ta kawar wa kai, aka sami wasu daga cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa ba. Ya warke sarai, amma cutar ta riga ta tafi da yatsunsa, ta taɓa masa fuska.

Ranar da aka kai ni gaishe shi, ya tashi da kansa ya ɗebo ruwa a randa, ya riƙo moɗar da dungulmin hannuwansa biyu ya miƙo mini. Na ce na gode, ba na jin ƙishi. Ƙishi kuwa kamar ya kashe ni, a watan Afrilu ne. Ni da na karanta a aji cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gado ba ce, kuma wanda ya gama shan magani ba ya yaɗa ta. (Mai karatu, in ka ga tabo a fatarka da ba ya jin taɓawa, ka je asibiti da wuri. Maganin kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma in an fara da wuri ba a rasa yatsa.) Ilimin yana kaina, amma ido ya rinjaye shi. Tsohon ya gane. Bai ce komai ba, ya ajiye moɗar ya sa mini albarka.

Bayan shekara biyu na yi haihuwa mai wuya, na kwanta wata biyu, albashin mijina ya ƙare a magani. Tsohon nan ya sayar da tunkiyarsa guda ɗaya tak, ya hau motar kasuwa ya zo. Ƙofar ɗakina ya shimfiɗa tabarma. Da asuba ina jinsa yana karanta Zabura daga tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, yana juya shafi da gefen hannu, yana ambaton sunana a addu'a. Shi yake goyon jaririn a kafaɗa in na samu barci. Da na sami ƙarfi na durƙusa gabansa na roƙi gafarar ruwan nan da na ƙi sha. Ya ce ya manta tun ranar, kuma na ga alamar gaskiya ya faɗa. Ya rasu a hannuna, ni na yi jinyarsa, kuma ban taɓa zama da mutum mai tsabtar zuciya kamarsa ba. A cikin shekarun nan kuma na ga wani mai wa'azi, kwat da taye, baki kamar zuma, wanda muka ba ajiyar kuɗin adashen mata saboda ya sa mu kuka da wa'azinsa. Har yau ba mu sake ganinsa ba. Kallon kitse muka yi wa rogo, kuma ina cikin waɗanda suka tsaya masa.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Ki karanta Farawa 24, labarin baran Ibrahim da aka aika neman wa Ishaku mata. Aikinki ke nan a yau. Ya isa bakin rijiya da raƙuma goma da yamma, lokacin da mata suke fitowa ɗiban ruwa. Alamar da ya roƙa wurin Allah ba ta shafi tufafi ba: yarinyar da zai roƙa ruwa ta ba shi, ta kuma ce za ta shayar da raƙumansa. Raƙumin da ya sha tafiya yana iya shanye lita 100. Ki lissafa goma, da tulu ɗaya, ana gangarawa ana haurowa, domin baƙon da ba ta sani ba, ba ta kuma san yana da zinariya a jaka ba. Littafin ya ce Rifkatu kyakkyawa ce ƙwarai, amma baran bai yanke magana a kan haka ba. Aya ta 21 ta ce ya tsaya shiru yana kallonta, yana jira ya gani.

Ki gayyaci yarinyar ta sake zuwa, da kaka, lokacin da aikin masara ya yi yawa, ba biki ba baƙi. Ki lura da yadda take magana da ɗan acaɓar da ya kawo ta, da yaran maƙwabta in sun dame ta, da tsohuwar da ke maimaita labari ɗaya sau uku. Ki saurari yadda take ambaton iyayenta. In ta fasa kwano, ta faɗa ko ta ɓoye? In ɗanki ya ɓata mata rai a gabanki, me ke fita daga bakinta? Luka 6:45 ya ce abin da ya cika zuciya shi baki yake furtawa, kuma nan ne kaɗai ƙofar da aka bar mana mu leƙa. Sannan bincike al'adarmu ce, ba abin kunya ba ne. Ki tura dattijo mai riƙon asiri wurin faston ikilisiyarta, da wurin waɗanda suka zauna da ita ɗaki ɗaya. Ana cin bashi da ita? Tana biya? In bincike ya fito da abin tsoro na gaske, ƙarya ko cin amana, to ki zaunar da ɗanki ki faɗa masa, ni ma zan goyi bayanki.

Maganar ɗankwali kuwa, ni ma da shi nake shiga sujada, haka yawancin ikilisiyoyinmu na Arewa suka fahimci 1 Korantiyawa 11. Akwai kuma ikilisiyoyi a birane da ba su ɗauke shi dole ba, wataƙila a irinsu ta tashi. Ki saya mata atamfa turmi ɗaya, ki ba ta da hannunki, ki ce 'yata, a nan garin haka muke shiga majami'a. Yadda za ta karɓa zai gaya miki abin da wandon bai gaya miki ba. Yadda za ki miƙa shi ma zai gaya mata wace ce ke, domin ita ma kallonki take yi, tana tambayar kanta ko za ta sami uwa a gidan nan.

Kin tambaye ni ko kina da laifi. Tsoronki ba laifi ba ne. Amma rufe ƙofa saboda tufafi laifi ne, Yakubu 2 ya kira shi tara, inda ya yi maganar mai zoben zinariya da aka ba kujera da matalaucin da aka ce ya tsaya can. Ke kin juya shi ne kawai, kin ba mai zani kujera kin bar mai wando a tsaye. Ina kuma jin akwai wani abu ƙarƙashi: kin riga kin zaɓa masa, ya zo da zaɓinsa, abin ya yi miki ciwo. Wannan ki kai shi gaban Ubangiji da sunansa. Ki kira ɗanki a makon nan, kada ki jira shi ya kira. Ba sai kin ce kin yarda ba. Ki ce masa kina so ki san ta.

Tambaya: Mama, ni saurayi ne ɗan shekara 23, ina kaɗa jita a ƙungiyar matasa. Na bar gashina ya zama dada. Wani dattijon ikilisiya ya ce ba zan ƙara hawa gaba ba sai na aske, wai kamannin 'yan shaye-shaye ne. Ban taɓa shan ko sigari ba. Waɗannan munafukan tsofaffi masu manyan riguna ba su san Allah zuciya yake dubawa ba? (Wani matashi daga Kafanchan)

Amsa: Ɗana, na gaskata ka, kuma na san zafin a ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Gashi ba zunubi ba ne. A Littafin Ƙidaya sura 6, keɓaɓɓe ga Allah aska ba ta taɓa kansa, Samson ma tukkaye bakwai gare shi. Yahaya Mai Baftisma da rigar gashin raƙumi yake wa'azi, yana cin fara da zuma, da ya shigo wasu majami'unmu yau da masu tsaron ƙofa sun tare shi. Dattijon ya yi kuskure da ya haɗa ka da mashaya ba tare da ya tambaye ka ba, kuma in dattawa suna karanta wannan fili, ina roƙonku: yaron da kuka kora saboda gashi, akwai masu jiransa a waje da ba za su tambaye shi gashi ba.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Ka kira su munafukai, ka kuma ambaci manyan rigunansu. Shi ya dubi kanka ya yanke maka hukunci, kai ka dubi rigarsa ka yanke masa. Ka san abin da ke ransa? Wataƙila ya binne ɗa ko jika da ƙwaya ta lalata. Wataƙila tsoro yake ji maka, domin kafin zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 kowa ya ji koken samarin da 'yan sanda suke tarewa a hanya saboda irin gashin nan kawai. Wataƙila kuma taurin kai ne irin na tsufa. Sai ka zauna da shi za ka sani.

Manzo Bulus ya bar mana misali biyu. Da aka so a tilasta wa Titus kaciya a matsayin sharaɗin samun ceto, bai yarda ba ko kaɗan, ka duba Galatiyawa 2. Amma a Ayyukan Manzanni 16 shi da kansa ya yi wa Timoti kaciya, don kada Yahudawan yankin su toshe kunne ga Bishara. In wani ya ce maka ba za ka ga mulkin Allah da dada ba, kada ka yarda. In kuwa maganar ita ce tsofaffin da ke zaune a gaba sun kasa sujada saboda hankalinsu yana kanka, to tambayar ta koma wurinka: wanne ka fi so, gashin ko hidimar? Ba zan amsa maka ba, kuma ba zan ce dole ka aske ba.

Kafin ka yanke komai, ka je gidan dattijon ranar da ba Lahadi ba, da yamma. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba, na zo in ji abin da ya dame ka game da ni. Ka bar shi ya gama magana kafin ka fara taka. In kana so, ka tafi da shugaban matasa. Ka rubuto mini abin da ya ce.